Ku kawo kayan wasan, amma don Allah ku daina kiran suna

Malam Edita, assalamu alaikum, ina yi maka fatan alheri kai da abokan aikinka. Ina rokon ka ba ni dan fili a wannan jarida in yi magana da kungiyoyin da ke zuwa kauyuka suna raba wa yaran da cutar kanjamau ta shafa kayan wasa, musamman idan 1 ga watan Disamba ta karato, ranar da duniya ta ware wa wannan cuta tun 1988. Ni malamin firamare ne a karkara, kuma abin da zan fada a gabana aka yi shi.

Bara wasu bayin Allah suka zo mana da mota cike da kwalaye, 'yan tsana da motocin roba da balan-balan da kwallaye, wallahi har cikin raina na ji dadi don wasu yaran namu ban da motar kara da kwallon tsumma da garin taya ba su taba rike wani abin wasa ba. To amma sai aka kafa rumfa a kofar gidan mai gari, aka dauko takarda aka fara kiran suna daya bayan daya a lasifika, yaro ya fito ya karba a daga waya a dauke shi hoto, ga katon kyalle a bayansa an rubuta sunan cutar baro-baro, ga jama'ar gari a tsaye suna kallo suna nuni da baki, wai ashe har 'yar gidan wane? Haba jama'a. Akwai yarinyar da ke ajina, marainiya ce a hannun kakarta, sati guda cur ba ta zo makaranta ba, da na je gidan sai kakar ta ce min Malam ai tun ranar nan yara ke tsokanarta, 'yar tsanar ma ta jefa ta bayan rumbu ta ce ba ta so. Kafin ranar ba wanda ya san komai a kanta sai ni da ma'aikaciyar asibiti.

Kuma fa da yawa daga cikin yaran nan ba su dauke da kwayar cutar ma, iyaye ne suka rasu suka bar su. Wadanda ke dauke da ita kuwa yawanci daga uwa suka samu, ko lokacin goyon ciki ko wajen haihuwa ko ta nono, wanda da uwar ta samu awo da magani a kan lokaci da an kauce masa. Mene ne laifin yaro a nan?

Na san wani zai ce ai yanzu kai ya waye. A birni watakila. Binciken kasa da aka yi a 2018 ya nuna kusan mutum miliyan 1.9 ne ke dauke da cutar a Najeriya, maganin rage kaifinta kyauta ake bayarwa a asibitocin gwamnati, mai shan sa a kan ka'ida yana rayuwarsa lafiya lau ya yi aure ya haihu, har doka aka yi a 2014 ta hana nuna wa masu ita wariya, amma duk wannan bai iso zauren kauye ba, a nan har gobe akwai masu ce mata kabari kusa, akwai uwar da za ta hana danta cin tuwo kwano daya da maraya, alhali ba a dauka ta cin abinci ko wasa ko cizon sauro.

Ni ban ce a daina kawo kayan wasa ba, a'a. Wasu na cewa ai abinci da kudin mota zuwa asibiti sun fi, gaskiya ne sun fi, balle tun da Amurka ta rage tallafin da take bayarwa a farkon 2025 hankalin kowa ya tashi. Amma yaro yaro ne, wanda ya ga mahaifiyarsa ta dade a kwance har ta cika, shi ma yana bukatar abin da zai sa shi dariya. Abin da na lura da shi kawai, a cikin duk kayan nan kwallo ce ta yi aiki. Wani yaro da ya samu kwallo, da la'asar sai ga yaran unguwa sun cika kofar gidansu suna kiransa, don mai kwallo shi ke zaben 'yan wasa, ko iyayen da ke hana 'ya'yansu zuwa sun gaji sun kyale. Motar batir kuwa kwana uku ta mutu, ina za a samu kudin batir a gidan da ake auna gari da gwangwani?

Saboda haka idan za ku dawo bana, ku kawo wa makaranta gaba daya ko Islamiyya, kowane aji ya samu kwallo da igiyar tsalle da ludo da fensir mai kala, a raba ba tare da an ware kowa ba, abin da kuka tanada na musamman ga marayun kuma ku damka wa ma'aikatan asibiti su ba su a sirrance ranar karbar magani. Hoton da masu ba ku kudi ke nema, ku dauki kwalayen da mu malamai, mun yarda a sa mu a Facebook din.

Yarinyar nan dai ta dawo makaranta, sai da na yi sawu uku gidansu, kuma har yau a bencin karshe take zama.

Naku,
Wani malamin firamare daga karkarar jihar Taraba