Rahoton Ayyukan Shekara: Zaman Karatu da Kallon Finafinan Ban Tsoro

Assalamu alaikum, 'yan uwa membobi.

Bana muhawara ɗaya ta cinye yawancin zamanmu: wane fim ne ya riƙe amanar littafi, wanda ya bi shi sawu da ƙafa, ko wanda ya sake masa gini don ya dace da allo? Mun ɗauki Frankenstein na Mary Shelley (1818) da Dracula na Bram Stoker (1897).

Ƙa'idar kwamiti ita ce a karanta babi, a rubuta wane ne ke ba da labarin da iyakar abin da ya sani, sannan a kunna fim. Inda aka saɓa mata, an sha wuya. Waɗanda suka fara ganin fim ɗin Frankenstein na James Whale na 1931 sun zo da hoton Boris Karloff a ka, ɗan wasan da ya fito a matsayin dodo mai gurnani da ƙarfe a wuya. A littafi kuwa halittar tana da baki: ta koyi magana tana laɓe tana sauraron wani iyali, har ta tuhumi wanda ya yi ta. Da aka cire mata harshe, hujjarta ta tafi.

Dracula, labarin wani mai shan jinin mutane, ya fi jawo muhawara. Stoker ya gina shi da wasiƙu da rubutun yau da kullum na jarumai, abin da kyamara ba ta iya ɗauka kai tsaye. Fim ɗin Nosferatu na Murnau (1922) ya ɗauki labarin Dracula ya canja sunaye, duk da haka matar Stoker ta kai ƙara, kotu ta ce a lalata kwafin. A can aka fara kashe mai shan jinin da hasken rana; a littafi yana yawo a Landan da rana tsaka. Fim ɗin Coppola na 1992 ya sa sunan Stoker a take, ya kuma ƙirƙiro soyayya tsakanin Mina, jarumar labarin, da Dracula. A ganin kwamiti, wannan ya fi Nosferatu nisa da littafin.

Cikas ɗaya: kwafin Nosferatu da muka fara nunawa ba shi da rinin shuɗin da ke nuna dare ne. Da rana aka ɗauki fitowar dare, sai Orlok, wato Dracula na wannan fim, ya zama kamar yana yawo da hantsi. Daga yanzu a duba kwafi kafin ranar kallo.

Baɗi za mu shiga Jekyll da Hyde na Stevenson (1886). A karanta har ƙarshe tukuna, don finafinan suna tona sirrin tun farko.