A ɗauki hoton tsofaffin jaridu, amma kada a zubar da takardun

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan aikin da ɗakunan karatu na jama'a ke yi na ɗaukar hoton tsofaffin jaridu su zuba a kwamfuta. Ina goyon bayansa ƙwarai. Tun wajen ƙarshen ƙarni na 19 ake yin takardar jarida da niƙaƙƙen itace mai asid a jikinsa, shi ya sa take komawa ruwan ɗorawa, ta bushe, ta riƙa marmashewa a hannu. Ga gara, ga danshi. Kuma abin da ƙaramar jaridar gari ke ɗauke da shi, irin su sanarwar rasuwa, shari'ar fili da sakamakon zaɓen kansila, galibi ba a samunsa a wani wuri.

Fargabata ita ce masu riƙe da ɗakunan karatu su ɗauka da zarar an yi sikanin shi ke nan, sai a kwashe takardun a samu fili. An taɓa yin haka. Lokacin da maikrofim, wato ɗaukar hoton shafuka a kan ɗan siririn fim, ke tashe, wasu manyan ɗakunan karatu a Amurka da Ingila sun rabu da kundayen jaridunsu. Daga baya aka ga fim ɗin baƙi da fari ne, wasu shafukan sun fito dishi-dishi, wani nau'insa kuma ruɓewa yake yi yana tsami, alhali asalin ya tafi.

Kwamfuta ma ba ta fi ƙarfin wannan ba. A 1986 BBC ta sa yaran makarantu suka tattara bayanan garuruwansu a Birtaniya, don cikar shekara 900 da rubuta kundin ƙidayar filayen Ingila na 1086, aka adana a faifan lesa. Kafin a cika shekara 20 na'urar karanta faifan ta yi wuyar samu, sai da masana suka yi aikin ceto, kundin 1086 kuwa yana nan ana karanta shi. Google ya fara sikanin tsofaffin jaridu a 2008, ya dakatar a 2011. A Oktoban 2023 'yan kutse masu neman kuɗin fansa suka durƙusar da kwamfutocin babban ɗakin karatu na Birtaniya tsawon watanni. In haka ta sami mai wannan ƙarfi, ina ga ƙaramin laburare da ya tara komai a kwamfuta ɗaya a ofishin shugaba? Kwafi uku ake so, ɗaya a wani gari daban, da ma'aikaci takamaimai mai duba su, da kuɗin kulawa a kasafin kowace shekara. Masu ba da tallafi sun fi son sayen na'ura a yi bikin ƙaddamarwa, kulawar kuwa ba mai ɗaukar hotonta.

Sai batun bincike. Hoton shafi ba ya amfanar mai neman sunan kakansa sai manhajar gane haruffa ta mai da shi rubutu, ita kuwa tana tuntuɓe a kan tsohon bugu. Da jarida irin Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, abin zai fi muni, domin manhajar da aka horar da Turanci ba ta san ƙ, ɗ da ɓ ba. Ostireliya ta samo dabara: a rumbunta na Trove masu karatu ne da kansu ke gyara kurakuran, kyauta. Malaman da suka yi ritaya da ɗaliban tarihi za su iya wannan a ko'ina.

Ina kuma roƙon a bar ƙofa a buɗe. Chronicling America, rumbun tsofaffin jaridu na intanet na laburaren majalisar dokokin Amurka, kyauta ne tun 2007, takwaransa na Birtaniya kuwa, British Newspaper Archive, akasarinsa sai da kuɗin rajista. Jaridar da jama'a suka ba laburare amana bai kamata jikokinsu su saye ta ba.

A ƙarshe, Malam Edita, ku ma kuna da hannu a ciki, tunda haƙƙin mallakar tsofaffin fitowarku na wurinku. Ku ba ɗakunan karatu izini a rubuce su ɗauki hotonsu su sa a intanet.

Naka,
Wani mai karatu