Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Kan Ci Gaban Wasan New Vegas

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Na karanta takardun da ka turo mini, inda ka zayyana yadda kake son ci gaban wasan kwamfuta na Fallout: New Vegas, wato sabon kashi da zai ɗora a kan labarinsa, ya kasance, waɗanda ka ce da su za ka nemi shiga aikin tsara wasannin kwamfuta idan ka kammala karatu. Na ga ƙwazo a ciki, musamman a taswirar da ka zana, amma akwai abu guda da ban yarda da shi ba, kuma shi ne tushen da ka ɗora komai a kansa.

Ka buɗe labarinka da sake ruwan bama-baman nukiliya a kan hamadar Mojave ta Amurka, inda wasan yake gudana, domin ka share duk abin da aka gina, mai wasa ya soma daga kufai. Ina roƙonka ka janye wannan. A tarihin wasan, babban yaƙin nukiliyar da ya rusa duniya ya auku ranar 23 ga Oktoba, 2077, shi kuwa New Vegas yana gudana ne a 2281, wato bayan shekara fiye da 200. Abin da ya ba shi armashi lokacin da kamfanin Obsidian ya fitar da shi a 2010 shi ne mutanen ciki sun riga sun miƙe: Jamhuriyar Sabuwar Kalifoniya tana da sojoji da haraji da takardun kuɗi, fatake suna bin hanya da shanunsu masu kai biyu, rundunar wani madugun yaƙi da ake kira Kaisar tana bautar da mutane tana kuma fahariyar cewa hanyoyinta babu ɗan fashi. Duk wanda ya sake rusa wannan ya zubar da mafi tsadar abin da ya gada. Kuma ni ban taɓa gamsuwa da gidajen da ake nunawa a wasu sassan jerin wasannin Fallout ba, inda mutane ke kwana kusa da ƙwarangwal da tarkacen da suka shekara 200 a wurin, alhali ɗan Adam ko a sansanin gudun hijira ya sauka, washegari za ka ga ya nemi tsintsiya.

Idan ka duba da kyau za ka ga ruwa ne jigon wannan jeri tun farkonsa. A wasan farko na 1997, an fitar da mai wasa daga mafakar ƙarƙashin ƙasa ta 13 ne domin na'urar tace ruwansu ta lalace, aka ba shi kwana 150 ya nemo wata. Marafan kwalba ma sun zama kuɗi ne saboda 'yan kasuwar ruwa na garin Hub sun tsaya musu. Fallout 3 na 2008 ya ginu a kan tsarkake ruwa a Washington, New Vegas kuma a kan wanda zai mallaki madatsar ruwa ta Hoover da ke kan Kogin Kolorado. Saboda haka tambayar da ta dace da ci gabanka a fili take: an ci yaƙin madatsa, to yaya za a raba ruwan?

Nan tarihin Amurka na gaskiya zai taimake ka. A 1922 jihohi bakwai suka ƙulla yarjejeniyar raba ruwan Kogin Kolorado, amma da ma'aunin shekarun da aka samu ruwa mai yawa suka yi lissafi, sai ya zamana an yi alkawarin ruwan da kogin ba ya ɗauke da shi. A 1944 aka ware wa Meziko nata kason, kuma yau da wuya kogin yake isa teku. A 2022 tafkin Mead da ke bayan madatsar ya ja baya zuwa matakin da ba a taɓa gani ba tun da aka cika shi. Ka ɗauko wannan ka kai shi duniyar wasanka, zuriya ɗaya bayan 2281: fari ya daɗe, garuruwa sun yawaita a gefen kogi, kowanne yana riƙe da takardar alkawari, mai wasa kuma shi ne wakilin da aka tura ya bi kogin zuwa kudu yana aunawa yana yanke hukunci.

Ka san shekarun da na yi ina aikin noman rani, don haka bari in gaya maka yadda rigimar ruwa take a kusa. Ba ta farawa da bindiga. Da asuba ake tarar da an ɓalle kwaɗon ƙofar magudana, wanda ke sama ya shayar da gonarsa cikin dare, shi kuwa manomin da ke ƙarshen layi yana tsaye a kan tumatirinsa da ya yi yaushi, ƙasa ta tsattsage, yana rantsuwa cewa ya biya kuɗinsa. Idan ka je wurin wanda ya ɓalle kwaɗon, sai ka tarar shi ma bashin taki ne a wuyansa da 'ya'ya a gida. Irin wannan hukunci nake son ka ɗora wa mai wasa, wanda duk inda ya karkata sai wani mai gaskiya ya yi asara. New Vegas ya taɓa hakan a labarin ruwan da ake karkatarwa daga gonakin Jamhuriya zuwa unguwar talakawa ta Westside, da kuma tashar lantarki ta Helios One inda kai ne kake zaɓar wanda zai sami wuta. Su sun yi shi a gefe, kai ka mayar da shi tsakiya.

Na fahimci abin da ya tura ka ga bama-bamai shi ne ƙarshen wasan ya rabu huɗu gwargwadon wanda ya ci yaƙin madatsa, ba ka san wanda za ka ɗauka ba. Akwai hanya mai sauƙi: ka nisanta labarin zuwa ƙasan kogi, ka sa wani dattijon ayari ya tambayi mai wasa tun farko abin da ya ji game da yaƙin madatsa, amsarsa ta tantance tutar da ke kan shingaye da kuɗin da ake karɓa a kasuwa. Kada kuma ka manta da ƙarfin magana, domin a wasan 1997 ana iya kayar da babban abokin gaba da hujja, haka ma kwamandan Kaisar, Lanius, ana iya shawo kansa ya janye ba tare da an zubar da jini ba.

Sai batun haƙƙi. Sunan Fallout mallakar Bethesda ne, wanda Microsoft ya saye uwar kamfaninsa a 2021, saboda haka ba za ka sayar da wannan aiki ba. Amma Bethesda ya saki manhajar GECK domin masu sha'awa su gina nasu ƙarin, kuma ka ga yadda wasu 'yan sa-kai suka fitar da Fallout: London kyauta a 2024. Ka fara da ƙauye ɗaya, ƙofar ruwa ɗaya da gidaje uku masu rigima a kanta, ka gina shi har a iya buga shi daga farko zuwa ƙarshe. Idan ka rubuta maganganun manoman, ka turo mini in duba maka ko haka masu gona suke magana.

Allah ya yi maka albarka, ya ba ka sa'a.

Mahaifinka.