Wasiƙa zuwa ga aminina a Agadas game da matatar iskar mota

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, saƙonka ya iske ni, inda kake tambayar matatar iskar da ta dace da Hilux ɗinka tsakanin ta soso da ta auduga, tun da ka gaji da sayen ta takarda a kai a kai. Na jinkirta amsa ne har na sake kwance tawa na duba, don kada in faɗa maka abin da idona bai gani ba.

Injin fetur yana buƙatar iska kilo 14.7 kafin ya ƙone kilo guda na mai sarai, wato kowace lita tana tafiya da iskar da ta kai lita 9,000. A lokacin hunturu kuwa, iskar nan tana ɗauke da ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, kuma duk ƙwayar yashin da ta tsallake matata, ringi da bangon silinda za ta je ta goga har mota ta fara shan baƙin mai.

Matatar auduga, irin wadda kamfanin K&N na Amurka ya yi suna da ita, ƙyallen auduga ne rufi huɗu zuwa shida da aka matse tsakanin ragar waya, aka nannaɗe, aka shafa masa mai. Iska tana ratsa ta cikin sauƙi, shi ya sa masu tseren mota a kan kwalta suke son ta. Sai dai idan ka ɗaga ta sama ka kalli rana ta cikinta, za ka hangi ɗigo-ɗigon haske, kuma ta nan ƙura mai laushi take bi, musamman idan sabon wanki ce ko mai ya yi ƙaranci. Na taɓa sa wata marar sunan kamfani a jikinta, kuma da hunturu ya wuce na zura farin ƙyalle cikin bututun da ke bayanta, sai ya fito da jan tabo kamar an shafa masa burji. Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar, domin na san sauran ƙurar tana cikin inji.

Ta soso kauri take da shi, galibi rufi biyu, na waje mai manyan ƙofofi, na ciki mai ƙanana. Iska tana bin lunguna masu karkacewa waɗanda mai mai danƙo ya lulluɓe, don haka ƙura tana maƙalewa a duk kaurinta, kuma tana ɗaukar datti mai yawa kafin ta toshe. Wannan ne ya sa baburan tseren daji suka dogara da ita. Rauninta shi ne, idan babu mai a jikinta rariya ce kawai, sannan zafi da tsufa suna ruɓar da ita har ta riƙa marmashewa a hannu.

Ga mai bin hanyar Arlit irinka, ta soso nake ba ka shawara, amma da sharaɗin za ka kula da ita da kanka. Ka sayi guda biyu, ɗaya tana aiki ɗaya tana bushewa a inuwa. Kada ka wanke ta da fetur, domin yana cin gam ɗin da ya haɗa ta. Akwai sabulu da man da aka yi don aikin. Bayan ka shafa man, ka matse ta a hankali ba tare da murɗawa ba har rarar ta fita, saboda mai idan ya yi yawa yana iya ɓata siririyar wayar sensar da ke auna iska, mota ta riƙa shaƙewa. Maganar ƙarin ƙarfin inji kuwa, kada ka sa rai, abin da ake samu kaɗan ne. Idan ka san ba za ka samu lokacin wanki ba, ka zauna a kan ta takarda, domin ita ce ta fi tace ƙura mai laushi.

Bayan mako biyu da sawa, ka gwada farin ƙyallen nan a bututu, ka rubuto mini abin da ka gani. A gaida maiɗaki da yara.

Naka,
Amininka na Kano