Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa: Da Wane Kaya Za a Koyar da Sola?

Ranka ya daɗe, muna gaisuwa da fatan alheri. Mu malaman koyar da sana'a da fasaha ne, kuma maganarmu a kan sabuwar manhajar da ma'aikatarka ta fitar ce a watan Satumba na 2025.

Kafin zuwanka, Farfesa Tahir Mamman ya yi alƙawarin sana'o'i 15 a makarantun matakin farko daga Janairun 2025. Kai ka rage su zuwa shida: haɗa sola, ɗinki, kiwo, kwalliya, gyaran kwamfuta da wayar hannu, sai noma da aikin lambu. Ragewar ta yi, zaɓin ma ya yi. Abin da ya dame mu shi ne kayan aiki da malamin da zai riƙe su, domin a yawancin makarantun gwamnati abin da za a koyar da solar da shi bai wuce allo da alli ba.

Bari mu lissafa maka. Aji mai ɗalibai 60, in an raba su biyar-biyar, rukuni 12 ke nan. Kowane rukuni na buƙatar faifan sola ɗaya, da kwantirola (na'urar daidaita cajin batir), da batir mai bolt 12, da ƙaramar inbata, da mitar awo, da fis, da wayar wuta mai kauri daban-daban, da filaya da sukurdireba. Idan saiti ɗaya aka kai wa makaranta, malam ne zai haɗa, yara biyar na gaba su leƙa, saura 55 su kwafe zane a littafi.

Kuma abin da ake koya a sola a hannu yake. Yaro sai ya haɗa da kansa zai riƙe cewa batir ake fara jonawa da kwantirola kafin faifai, don na'urar ta gane ƙarfin batirin, in an juya tsarin tana iya lalacewa. Sai ya taɓa siririyar waya ya ji ta yi zafi zai yarda cewa kayan wat 60 a kan bolt 12 amfiya biyar suke ja, alhali a wutar gida ko sulusin amfiya ɗaya ba za su ja ba. Sai ya ga lissafin a gabansa zai fahimci dalilin da batirin dalma mai bolt 12 da amfiya-awa 100 (100Ah), wanda a takarda yake ɗauke da wat-awa 1,200, rabinsa kawai ake ci in ana so ya yi ƙarko. Ga ƙurar hunturu: a auna faifai kafin a goge shi, a sake aunawa bayan an goge, darasin ya zauna. Daga irin wannan gwajin ne yaro yake fara tambayar "in na canza kaza fa?", wato ƙirƙirar da kuke ta ambata a taro.

Gyaran waya ma haka. Ƙarfen narka dalma, da na'urar hura iska mai zafi, da mitar awo, da tarin matattun wayoyi da yaro zai ƙona goma kafin hannunsa ya faɗa. Duk suna son wuta tsayayya. Darasin minti 40 kuwa, fito da kaya da mayar da su sun cinye rabinsa. In ba a haɗe darasi biyu ko uku a jere a jadawali ba, an yi aikin baban giwa.

Kai likita ne, ranka ya daɗe. Za ka miƙa majinyaci ga wanda ya haddace sassan ƙoda a littafi amma bai taɓa shiga ɗakin jinya ba?

Ba yau aka fara ba, ka fi mu sani. Da aka shigo da tsarin karatu na 6-3-3-4 a shekarun 1980, an sayo injinan koyar da fasaha daga Gabashin Turai, da yawansu suka yi tsatsa a cikin akwatunansu saboda babu wuta, babu wanda ya iya kunna su. A 2011 hukumar tsara manhaja ta ƙasa, NERDC, ta sake kawo darussan sana'a 34 a manyan sakandare. Makarantu suka yi abin da kowa zai yi: suka rungumi waɗanda ake ci da biro, irin su kasuwanci, aka bar walda da kafinta. Ɗalibai suka ci jarrabawa, hannu bai koyi komai ba. An yi kaya babu malami, an yi manhaja babu kaya. Wannan karon wanne za a maimaita?

Maganar malamai ta fi ta kaya wuya. Wanda ya iya gyaran waya yana Farm Centre a Kano, wanda ya iya ƙira yana Panteka a Kaduna, yawancinsu ba su da NCE, ƙa'ida ba ta ba su aji ba. Mai NCE kuma ba a taɓa ba shi mita a hannu ba. Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, tana da tsarin tantance gwanintar masu sana'a ta ba su shaida. A yi amfani da shi a ɗauke su masu koyar da aikin hannu, a biya su bisa awa, malamin aji yana tsaye tare da su. Kwalejojin ilimi na fasaha da ke Bichi da Gusau da Potiskum da Gombe su riƙa karɓar malamai a dogon hutu, wata guda cur a wakshof. Bitar kwana uku a otal, da jaka da alawus, ba ta koya wa kowa riƙe ƙarfen dalma.

Mun san za a ce makarantun nan na jihohi ne. Gaskiya ne. Amma hukumar ilimin matakin farko ta tarayya, UBEC, tana ƙarƙashinka, kuma dokar 2004 ta ware mata kashi 2 cikin ɗari na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Ana iya gindaya sharaɗin cewa wani kaso na tallafin ya tafi wakshof. In ba za a iya kowace makaranta ba, a gina guda ɗaya mai sola, makarantu biyar ko shida na kusa su riƙa zuwa bi da bi.

Batun jarrabawa da kwamfuta ga yaran da ba su taɓa riƙe linzami ba, da janye koyarwa da harshen uwa, sai wata wasiƙar.

Don Allah, kafin zango mai zuwa a wallafa jerin mafi ƙarancin kayan da kowace sana'a cikin shidan take buƙata, da adadin malaman da aka horar jiha-jiha. A kuma sa mafi yawan makin sana'a ya fito daga abin da yaro ya haɗa a gaban mai jarrabawa, fitilar ta kama ko ba ta kama ba.

Mu ne naka,
Wasu malaman koyar da sana'a da fasaha.