Barka da Sallah, Baba, ba idonka ba ne

Assalamu alaikum Baba da Umma,

Barkanmu da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana. A gaida min mutanen Gangare baki ɗaya. Mu nan Jamus a wani zauren haya muka yi Idi, ana sallamewa kowa ya kama hanyar aiki.

Baba, Auta ta ce ka rage karanta labarai a waya, wai ƙ da ɗ da ɓ suna fitowa kamar ƙananan akwatuna, ko su fi 'yan uwansu girma, har kana zargin idonka. Maganar nan ta tsaya min a rai, don na san yadda kake son karatunka na bayan la'asar.

Ga yadda abin yake. Kowane shafi da zubin haruffan da mai shi ya zaɓa, kuma da yawa an zana su ne ba a sa haruffanmu masu ƙugiya ba. Idan burauza, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, ta zo kan ƙ ba ta same shi ba, sai ta aro daga wani zubin da ke cikin wayar, kamar tela ya yi faci da wani yadi, shi ya sa harafin ke fita daban. In babu inda za ta aro, sai ta ajiye akwati.

Sunayen burauza suna da yawa, amma injinan da ke zana rubutun uku ne manya. Chrome na aiki da Blink, wanda Google ta ɓallo daga WebKit a 2013. Opera ta koma kan Blink a shekarar, Edge ma ta bi sahu a 2020. Saboda haka wanda ya bar Chrome ya koma Edge bai canza inji ba. Safari na kan WebKit, Firefox kuwa da nata, Gecko. Ita Opera Mini, da mutanenmu ke so saboda tsimin data, tana matse shafin a kwamfutocin kamfanin kafin ya iso, kuma in an sa ta a matsanancin tsimi, da haruffan cikin wayar kaɗai take aiki.

Ni dai Firefox nake so maka, Baba, saboda yanayin karatunta: tana kawar da tallace-tallace, ta bar rubutu zalla, ka ƙara masa girma yadda ya yi maka. Chrome ma ana iya ƙara girman rubutu a saitinta.

Akwai ma zubin ajami mai suna Alkalami, wanda aka zana bisa rubutun hannu irin na Kano. In na zo zan sa maka a kwamfutar Yaya ka gani.

Auta, ki saukar wa Baba Firefox yau, ki buɗe shafi guda a cikinta da kuma Chrome, ki ɗauko min hoton fuskar wayar. Na turo goron Sallah ta hannun Yaya, har da kuɗin data. Umma, a ci gaba da sa ni a addu'a.

Ɗanku mai kewarku.