Dariyar da aka yi wa na'urar ɗibar jini ta ɓata mini rai

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Barka da aiki. Shirinku na kimiyya na daren Talata ne ya sa na ɗauki biro, domin har yanzu raina bai huce ba. Mai gabatarwa ya ambaci na'urar nan da mutum zai manna a damtse ya ɗebi jininsa da kansa idan an samu haɗarin tiririn nukiliya, sai ya kwashe da dariya. Wai wa zai soki kansa, wai mu da ba mu da bam ina ruwanmu. Ko minti biyu bai yi a kai ba ya koma labarin wayar salula.

Shekarata 16 ina ɗibar jini a asibiti. Wanda bai taɓa laluben jijiya a hannun yaro ɗan shekara uku ba, uwa ta danne shi, yana tsala ihu ita ma tana hawaye, bai san abin da ya yi wa dariya ba. Ka ɗaure roba, ka shafa da yatsa, ka ɗan bubbuga bayan hannun, kana sa allura jijiyar ta zille. Ka sake. Shekarun baya da amai da gudawa ya ɓarke a unguwanninmu, mu biyu ne kacal a lab, ga jijiyoyin mutane duk sun shafe saboda ruwan jiki ya ƙare. Kafin la'asar hannuna rawa yake yi, layi har bakin get. Wata tsohuwa sau huɗu ina sukar ta, ita ce ma take ce mini "sannu 'yar nan". Ranar ko mutum 100 ba mu kai ba.

To a dubi Goiania ta ƙasar Brazil a Satumbar 1987. Ba bam ba ne. 'Yan gwangwan biyu ne suka shiga wani tsohon asibitin masu ciwon daji da aka tashi aka bari, suka kwance wani ƙarfe suka sayar. Ashe a cikinsa akwai hodar siziyom-137, wani sinadari mai fitar da tiririn nukiliya, mai ƙyalli shuɗi a cikin duhu, mutane suka riƙa ɗiba suna kai wa iyalansu su gani. Huɗu suka mutu, har da yarinya 'yar shekara shida. An samu mutum 249 da hodar ta taɓa. Amma waɗanda suka yi cincirindo a duba su sun kai kimanin 112,000. Malam Edita, wace unguwa ce a garin nan babu 'yan gwangwan? Kuma tun 2004 akwai tukunyar nukiliya ta bincike a Zariya, a Arlit ta ƙasar Nijar kuwa an haura shekara 50 ana haƙar yuraniyom. Da wane baki za a ce ba ruwanmu?

Na'urar gano tiriri da ake kewaya jikin mutum da ita tana yin ƙara, ƙurar nukiliyar da ta maƙale masa take ji. Wanda tiririn ya ratsa ya wuce, shiru za ta yi, shaidar tana cikin jininsa. Fararen ƙwayoyin jini da muke kira limfosait su ne suke fara zubewa a kwana biyun farko, kuma saurin zubewarsu ne yake nuna wa likita wanda za a ba gado da wanda za a sallama. Amai ba abin dogaro ba ne, tsoro ma yana sa amai. Ana so a ɗebi jinin da wuri, a sake ɗiba bayan wasu sa'o'i a kwatanta. Ina hannuwan da za su yi wa dubban mutane wannan? Ni da abokiyar aikina?

Abin da na'urar ɗibar jinin take son warwarewa ke nan. Irin wadda kamfanin Tasso na Amurka yake yi, goge damtse za ka yi, ka manna, ka danna maɓalli. Ɗan tsini ya tsaga fata sama-sama, jinin ya riƙa gangarowa cikin 'yar kwalba, kamar minti biyar an gama. Babu laluben jijiya, babu roba. Masu ciwon suga kullum suke huda yatsa da kansu, ban ji an yi musu dariya ba.

Na'urar ita kanta ba ta auna komai, dole a kai jinin lab, kuma a zafin nan namu jini ba ya jiran kowa. Da wannan mai gabatarwa ya tambaya, wa zai kwashe kwalaben, wane lab ne zai karɓa, da wace wuta, wallahi da wasiƙar yabo zan rubuto. Ina roƙon a dawo da maganar, a gayyato ma'aikacin lab da wani daga hukumar kula da harkokin nukiliya ta Najeriya, a ba su lokaci su yi bayani.

Sannan don Allah a duba maimaicin labaran yamma da kuka mayar daidai lokacin sallar isha'i. Mahaifina ya fi shekara 30 bai fasa saurare ba, yanzu kullum sai ya dawo daga masallaci ya tarar ana karanta hasashen yanayi.

Na gode.

Mai sauraronku,
ma'aikaciyar lab, daga Kano